Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Awa Nawa Matuƙan Jiragen Yaƙinmu Ke Yi A Sama?

Mu da muka tashi a Masanawa da sauran ƙauyukan ƙasar Kabo da Gwarzo mun san rugugin jirgin yaƙi tun kafin mu san sunansa. Ana tsakiyar girbin dawa sai a ji kamar aradu ta faɗi, alhali kuwa babu ko ƙyallin hadari a sama. Yara su watsar da abin da ke hannunsu su ɗaga kai, amma kafin ido ya kama shi ya riga ya shige. Dattawa kan ce, "Sojan sama ne na Kano ke koyon tuƙi." Ba su kuwa yi kuskure ba, domin a Kano ne makarantar da mayaƙan saman Nijeriya ke koyon tuƙin jiragen yaƙi masu tsananin gudu take, da jiragenta ƙirar L-39 waɗanda aka sayo daga Cekoslobakiya a shekarun 1980.

A wancan lokaci abin kallo ne kurum a gare mu. Yanzu kuwa ya zama maganar rai da mutuwa. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina sun matso, har a 2025 suka kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, Shanono kuwa maƙwabciyar Gwarzo ce. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da za a kira jirgi ya zo ya fatattaki ɓarayi a bayan garinmu, saurayin da ke zaune cikinsa ba shi da fiye da 'yan daƙiƙoƙi da zai rarrabe tsakanin ayarin 'yan bindiga a kan babura da ayarin 'yan kai amarya. Saboda haka muna da haƙƙin yin tambaya guda: awa nawa wannan saurayi ya yi a sama cikin shekarar da ta wuce?

Tun samun 'yancin kai gwamnatocinmu, na soja da na farar hula, sun ƙware wajen sayen jirgi, amma sun kasa wajen sayen awa. Sayen jirgi yana da biki, da kaɗe-kaɗen badujala, da hoto a jarida, yana kuma da la'ada. Sayen mai da kayan gyara da biyan makanikai, waɗanda su ne ke ba matuƙi damar tashi sama yau da gobe, ba shi da biki, babu mai yanka zare a kansa. Ga abin da muke so 'yan'uwanmu ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati su fahimta.

AWA NAWA AKE NUFI?

Kowane matuƙin soja yana da littafi da ake rubuta masa duk tashin da ya yi: wane jirgi, wace rana, awa nawa, da rana ko da dare, kuma wane aiki ya tafi yi. Wannan littafi shi ne ma'aunin ƙwarewarsa a duk duniya. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta daɗe da ajiye awa 180 a shekara a matsayin abin da ya kamata matuƙin jirgin yaƙi ya samu in ana so ya kasance a shirye. In muka raba, awa 15 ke nan a wata, wato ƙasa da awa 4 a mako.

Mai karatu zai yi mamaki. Direban motar haya da ke jigila tsakanin Gwarzo da Kano, in yana awa 8 a kan sitiyari kullum, zai cika awa 180 cikin kwana 23. Matuƙin jirgin fasinja ma dokar ƙasashe da yawa ta yarje masa awa 900 zuwa 1,000 a shekara. To me ya sa na yaƙi ya tsaya a ɗan wannan adadi, har ma yake wuyar samu?

Amsar ita ce awar jirgin yaƙi daban take. Tashi ɗaya bai cika wuce awa guda zuwa guda da rabi ba, domin tankinsa ƙarami ne, injinsa kuwa mashayin mai. Amma kafin wannan awa guda matuƙi ya ɓata sa'o'i yana nazarin taswira da yanayin sama, bayan ya sauka kuma ya sake zama da malamansa ana bin kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Cikin awar kanta babu hutu. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa yana cin fiye da mita 200 a daƙiƙa ɗaya. Tafiyar Kano zuwa Gwarzo, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 70 ba, minti biyar ce da ɗoriya a wurinsa. In ya yi kwana mai kaifi, nauyin jikin matuƙi kan ninka sau bakwai, a wasu jiragen har sau tara. Jini ya gudu daga kansa ya taru a ƙafafu, in bai san yadda ake ɗaure tsokar ciki da cinyoyi ana jan numfashi ba, sai idonsa ya rufe ya suma. Jiki yakan saba da wannan, yakan kuma manta in aka yi makonni ba a tashi ba. Haka nan hannu da ido. Ɗan dambe da ya yi wata uku bai taka fage ba ya san abin da muke nufi.

ME KE SA AWOYIN BAMBANTA?

Abu na farko kuɗi. Babban jirgin yaƙi yana ƙone lita dubbai na mai cikin awa guda, kuma kowace awa da ya yi a sama tana jawo awa goma ko fiye na aikin makanikai a ƙasa. Injinsa yana da adadin awoyin da in ya cika tilas a kwance shi a yi masa garambawul, gangar jikinsa ma tana da wa'adi. Amurkawa da kansu sun ƙiyasta cewa awa guda ta jirginsu F-35 tana cin fiye da dala 30,000, alhali ƙaramin jirgi mai farfela irin Super Tucano ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Don haka irin jirgin da ƙasa ta zaɓa shi ke yanke mata yawan awoyin da za ta iya saya.

Na biyu yawan jiragen da ke da lafiya. Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai. A ce rukuni yana da jirage 12 da matuƙa 18. In kowa zai sami awa 180, ana bukatar awa 3,240 a shekara, wato kowane jirgi ya yi awa 270. To a ce takwas daga cikinsu suna rumfa suna jiran wani ɗan ƙarfe daga ƙasar waje, huɗu ne kurum ke tashi. Awoyin da za a samu 1,080 ne, in an raba wa mutum 18 kowa ya tashi da awa 60, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema. A takarda rukunin nan yana nan da jiragensa 12 cif, ana iya jera su ranar faretin Oktoba a ɗauki hoto. A sama kuwa ƙarfinsa ya ragu da kashi biyu cikin uku.

Na uku irin aikin da muƙamin. Matuƙin jirgin ɗaukar kaya irin C-130 yana tara awoyi da sauri domin tafiyarsa doguwa ce. Malamin tuƙi yakan fi ɗalibinsa awa. Hafsan da ya girma aka ba shi ofis da tebur kuwa awoyinsa sai su tsaya cak. Na huɗu yanayi. Mu mutanen Kano ba sai an gaya mana abin da hazon hunturu ke yi ba. Ranar da ba a hangen bishiyar da ke bakin gona, sabon matuƙi ba ya tashi, ƙurar kuma tana cin injin kamar yadda gara ke cin azara. Na biyar siyasa, wadda za mu zo kanta.

Duniya ta riga ta ga abin da ƙarancin awa ke haifarwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, da man Jamus ya ƙare, sai suka riƙa yanke horon matuƙansu, har ya kai a 1944 sabon matuƙin Jamus bai samun rabin awoyin takwaransa na Ingila ko Amurka. Jirage suna fitowa daga masana'antu da dubbai, amma yaran da ake ɗora wa su ba sa daɗewa. Japan ma haka: a watan Yuni na 1944, a yaƙin Tekun Filifin, ta rasa jirage fiye da 300 a yini guda, domin ƙwararrunta sun ƙare an tura sababbin shiga. Amurka kanta ta sha kashi a sararin Biyetnam, ta bincika ta gano cewa tashi goma na farko a fagen fama su ne suka fi cin matuƙa. Shi ya sa a 1975 ta ƙirƙiro atisayen nan na Red Flag a hamadar Nebada, domin matuƙi ya yi waɗannan goma ɗin a gida kafin ya ga abokin gaba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, matuƙan Rasha da yawa suka koma awa 20 zuwa 30 a shekara. A nahiyarmu kuwa, Afirka ta Kudu ta sayi jiragen Gripen 26 daga Suwidin cikin cinikin makamai na 1999. A 2013 aka ji cewa 12 suna ajiye, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 kuma aka yi kusan shekara babu ko ɗaya da ya tashi, saboda rashin kuɗi da yarjejeniyar gyara.

MU DUBA NAMU TARIHIN

A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. An kafa rundunar mayaƙan samanmu da doka a 1964, Jamusawan Yamma ne suka fara horar da ita, wani Bajamushe, Kanar Gerhard Kahtz, shi ne ma kwamandanta na farko. Shekara uku bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. A watan Agusta na 1967 aka sauke jiragen MiG-17 a Kano, amma ba mu da isassun 'yan ƙasa da za su tuƙa su, sai da aka nemo Misirawa da sojan haya. Ga jirage, ga bama-bamai, amma filin Uli na Biyafara ya ci gaba da karɓar jirage cikin dare kusan har ƙarshen yaƙin, domin farautar jirgi cikin duhu aiki ne na kayan aiki na musamman da hannun da ya daɗe yana yi. Shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgi ƙirar L-29 a watan Oktoba na 1969. Da a ce muna ɗaukar darasi, wannan kaɗai ya isa ya koya mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuɗin man fetur ya zo. Daga 1975 aka sayo MiG-21 daga Rasha. A shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet guda 24, aka sayo Jaguar guda 18 daga Ingila waɗanda suka fara isowa a 1984, aka ƙara da L-39 na Kano. Rasha, Ingila, Jamus, Italiya, Cekoslobakiya: kowane jirgi da irin injinsa, da irin kayan gyaransa, da irin makanikinsa, da harshen littafinsa. Ko mai motocin haya a tashar Kabuga ya san ba a tara motoci iri biyar a gareji ɗaya in ana so a tsira da uwar kuɗi. Da farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka gagara. Jaguar ɗin nan masu tsada ba su cika shekara goma suna aiki ba. A farkon shekarun 1990 aka jingine su a Makurɗi, ba su sake tashi ba. MiG-21 ma suka bi sahu. An sayi dawakan yaƙi, an manta da harawa da dusa da kanwa, suka rame a barga har suka kwanta.

Ga kuma siyasar da muka ambata. A watan Maris na 1986 aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi bisa laifin shirya juyin mulki, cikinsu har da matuƙan sojan sama. Duk mulkin da ya hau da bindiga tsoron mai bindiga yake yi, balle mai jirgin da zai iya isa fadarsa cikin 'yan mintoci. Shugaban da ke tsoron matuƙinsa ba zai yi ɗokin cika masa tanki ba. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995, Turai ta sa mana takunkumin makamai, abin da ya rage na kayan gyara ya ƙara yankewa. Duk da haka 'yan Alpha Jet ɗin da suka rage sun yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, kuma wannan abin yabo ne ga matuƙansu da makanikansu. Amma an yi shekaru samari masu fuka-fuki a ƙirji suna zaman ofis, wasu suka ajiye kaki suka koma kamfanonin jiragen fasinja. Da Boko Haram ta taso, sai aka waiwaya ana neman abin da aka yi shekara ashirin ana banzatarwa.

Ina kuɗin suka tafi? A 2015 aka tono badaƙalar kuɗin makamai na dala biliyan 2.1 a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2016 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da tsofaffin shugabannin rundunar sojan sama har uku a gaban kotu bisa zargin karkatar da biliyoyin naira. Hukunci na alƙalai ne, ba namu ba. Namu shi ne lissafi: duk naira da ta kauce daga asusun runduna ta zama gida a Maitama, mintoci ne aka zare daga littafin wani saurayi da za a tura daji.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko da ta rage wa hujjarmu zafi. Daga 2015 an yi ƙoƙari. An farfaɗo da jirage da dama da suka daɗe a kwance, an yaye sababbin matuƙa, har a watan Oktoba na 2019 aka sami mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, Kafayat Sanni. A 2021 aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan, a watan Yuli na shekarar kuma kashin farko na Super Tucano 12 da aka biya kusan dala miliyan 500 ya sauka, a Kano ma ya sauka. An kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 da Italiya. Madalla. Amma mu da muka karanta labarin Jaguar muna da dalilin tambaya: an ware kuɗin man da gyaran waɗannan jirage na shekara goma masu zuwa, ko kuwa an sake sayen doki ne babu harawa?

GA MASU SUKAR MAGANARMU

Wasu za su ce ai matuƙanmu kullum suna sama, yaƙi ake yi a Borno da Zamfara, rundunar ma takan sanar da dubban awoyin da ta yi a fagen fama. Mun ji. Amma awar yaƙi da awar horo ba ɗaya ba ne. Wanda ke maimaita aiki iri ɗaya kullum yana ƙwarewa a wannan aikin, yana kuma iya ƙwarewa a kuskurensa, tun da babu malami a bayansa. Tuƙin dare, da tuƙi cikin hazo da na'ura kaɗai, da abin yi in inji ya mutu, da yin magana da sojan ƙasa ta rediyo har a tabbatar da abin da za a harba, duk waɗannan a filin horo ake koyonsu. Bugu da ƙari, yaƙi yana cinye awoyin jirage, kuma in jirgi ya yi ƙaranci manya ke ɗauka, ƙanana su zauna. Jimillar awoyin runduna tana iya hauhawa alhali na sabon matuƙi yana raguwa. Adadin da muke nema shi ne na mutum ɗaya, musamman ƙaramin hafsa.

Wasu za su ce muna ɗora wa matuƙa laifin jinin bayin Allah. Ko kusa. An bar jaki ana dukan taiki in aka yi haka. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, aƙalla mutum 90 suka mutu bisa ƙidayar ƙungiyar likitoci ta MSF. Binciken soja ya ce ba a yi wa wurin alama yadda ya kamata a taswira ba. Ranar 3 ga Disamba, 2023, a Tudun Biri ta ƙasar Igabi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ne ya hallaka aƙalla mutum 85 suna Maulidi. Ba mu ce ƙarancin awa ne ya kashe waɗannan mutane ba. Abin da muka ce shi ne, tsakanin mai kawo labari, da mai zana taswira, da mai ba da umarni, da mai danna maɓalli, akwai sarƙa, kuma ba ta ƙarfi sai an riƙa jan ta tare a lokacin zaman lafiya. Atisayen haɗin gwiwa awa yake ci, awa kuwa kuɗi ce. Su matuƙan ma da ransu suke biya. A Satumba 2018 jirage biyu ƙirar F-7 suka gogi juna a saman Abuja ana gwajin bikin 'yancin kai, hafsa Mohammed Bello Baba-Ari ya rasa ransa. A Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a yankin Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da laima, ya kuɓuce musu cikin daji har ya kai ga sansanin soja. Abin da ya fid da shi, bayan ikon Allah, horo ne. Wanda ke nema wa matuƙi awa masoyinsa ne.

Wasu za su ce akwai na'urar kwaikwayon tuƙi, ga kuma jirage marasa matuƙi, zamanin ƙona mai ya wuce. Na'urar tana da amfani ƙwarai, a cikinta ake koyon gobarar inji ba tare da an ƙone kowa ba, har NATO ma takan lissafa wani kaso na awoyinta. Sai dai ba ta matse jini daga kai, ba ta kuma sa tsoron mutuwa. Jirgi maras matuƙi kuwa yana da matuƙi, a ƙasa yake zaune, kuma Tudun Biri ta nuna cewa shi ma yana bukatar horo.

Wasu 'yan'uwanmu masu ra'ayin talakawa za su ce, mu da makarantunmu ba rufi, asibitocinmu ba magani, me ya kai mu roƙa wa soja kuɗin mai? Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce ba mu ce a ƙara ko kwabo ba. Cewa muka yi a canja inda ake zuba shi. Jirage goma da ke tashi sun fi talatin da ke kwance, sun kuma fi arha. Ɓarnar da ta fi kowace cutar da talaka ita ce a karɓi harajinsa a sayi ƙarfen da zai yi tsatsa a Makurɗi.

Na ƙarshe za su ce sirrin tsaro ne. Wannan ita ce rigar da kowace ɓarna ke sawa a ƙasar nan. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka yana buga yawan jiragensu da ke da lafiya kowa ya karanta, a nan ma duniya ta ji cewa awoyin matuƙansu sun ragu daga abin da suke a da. 'Yan majalisar Ingila suna tambayar ministan tsaro awoyin tashi a ba su amsa a rubuce. Babban mai binciken kuɗi na Indiya ya sha fallasa jiragen da ke kwance. Ba mu ji an ci waɗannan ƙasashe da yaƙi saboda haka ba. Ɗan bindigar da ke dajin Rugu ya san ko jirgi na zuwa ko ba ya zuwa, da kunnensa yake ji. Mai biyan haraji kaɗai ake ɓoye wa.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kwamitocin Majalisar Tarayya masu kula da sojan sama su yi amfani da ikon bincike da sashe na 88 na tsarin mulki ya ba su, su karɓi rahoto duk shekara: matsakaicin awoyin horo na kowane matuƙin jirgin yaƙi, da kason jiragen da ke iya tashi. In akwai abin da ya zama tilas a rufe, a rufe. Amma a gaya wa jama'a ko an kai ma'aunin da rundunar ta ajiye wa kanta ko ba a kai ba.

Na biyu, kada a sake amincewa da sayen wani jirgi sai an gabatar da kuɗin mansa da kayan gyaransa da horon makanikansa na shekaru masu zuwa, a takarda ɗaya da farashinsa.

Na uku, a rage tarkacen ire-iren jirage, a kuma mai da hankali ga masu gyara na gida. Ga Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi a Zariya tun 1964, ga ɗaliban injiniya a jami'o'inmu suna gamawa suna yawo da takardu. Duk ƙarfen da aka iya gyarawa a Kaduna ko Kano, watanni ne na jira aka rage.

Na huɗu, duk harin da ya faɗa kan farar hula a bincika, a buga sakamakon, a biya diyya, a kuma mai da darasinsa cikin manhajar horo.

Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatu, ta hannunku takardun kasafin kuɗi ke wucewa. Kun san layin da ake fara yankewa in kuɗi ya gaza: na gudanarwa, na mai, na gyara, na horo, domin babu ɗan kwangilar da zai zo ya tsaya a kansa. Ku san abin da ake yankewa ke nan. Mu kuma ɗalibai, ƙungiyarmu ta rubuta wa sanatocinmu da wakilanmu na Kano da waɗannan tambayoyi, ta kuma gayyace su zauren taro su amsa a gaban jama'a. In an yi hutu muka koma Masanawa da Kabo da Gwarzo, iyayenmu za su tambaye mu abin da muka karanto. Mu gaya musu cewa rugugin da suke ji da rana tsaka, na masu koyo, kuɗinsu ne ke aiki, kuma ranar da suka daina jinsa, ita ce ranar da ya kamata hankalinsu ya tashi. Allah Ya tsare ƙauyukanmu, Ya tsare samarin da ke tashi dominmu, Ya kuma ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya.